Me Ke Sa Sautin Bluetooth In'ina a Raspberry Pi?

Raspberry Pi kwamfuta ce cikakkiya da aka harhaɗa a kan fanel ɗaya mai girman katin ATM. Daga Kambirij ta Ingila ta fito a 2012 don koyar da yara, amma manya suka yi mata rubdugu. Cikin ayyukan da aka fi sa ta akwai na rediyo da kiɗa: a haɗa ta da intanet, ta jawo tasha ko karatu ko waƙa, ta tura wa sifika ta Bluetooth. Wasu kan juya abin, wayar hannu ta turo mata sauti, ita kuma ta miƙa wa tsohuwar amfilifaya. Da yawan waɗanda suka gwada sun ci karo da abu ɗaya. Haɗuwa ta yi, sauti ya fito, amma yana in'ina: ya yi ɗan lokaci lafiya lau, ya tsinke, ya dawo, ya haɗiye rabin kalma, ya ci gaba. Wayar hannu mafi araha a gidan kuwa, in aka haɗa ta da wannan sifikar, ko gezau.

Abin da mutum kan fara yi shi ne ya bazama intanet neman magani, inda zai tarar da layukan saiti birjik. Ya kwafo wannan ya liƙa, ya sake kunna na'ura, bai yi ba, ya ƙara wancan a kai. Kafin dare ya canza abu goma, ba ya ma iya tuna yadda na'urar take da safe. A ganina wannan ita ce hanya mafi nisa. Yawancin shawarwarin an rubuta su ne don wani zubin Pi dabam da wata manhajar sauti dabam, kuma sau da yawa ciwon ba a manhaja yake ba sam. Sautin nan yana ratsa matakai da dama kafin ya isa kunne, kowane mataki na iya makarar da shi. Gano matakin da ke makara shi ne aikin, kuma ana yin sa ne ta cire abu ɗaya-ɗaya a saurara.

Makara na ce, domin in'inar nan matsalar lokaci ce. Sauti irin na faifan CD yana cin kilobit 1,411 a kowane sakan. A takarda Bluetooth zai iya ɗauka, amma da ƙyar, ba tare da barin sararin gyara kuskure ba. Saboda haka ake matse sautin kafin a aika. Tsarin da ake kira A2DP, wanda shi ke kula da kiɗa mai kunne biyu, ya wajabta wa kowace na'ura ta iya matsi irin na SBC, wanda a saitinsa mai inganci yake cin kilobit 328 a sakan. Ana yayyanka shi ƙulli-ƙulli a riƙa aikawa. Ita sifika tana da ɗan ma'aji inda take tara abin da ya iso kafin ta furta shi. Ma'ajin nan kamar randa ce da ake ɗiba ba tsayawa, mai ga-ruwa yana zubawa: in ya ɗan makara sau ɗaya ba wanda zai sani, amma in makarar ta wuce abin da ke cikin randar, moɗa za ta daki ƙasa. Shirun da kunne ke ji ke nan. Ƙullin da ya lalace a iska ba ɓata yake yi ba, sake aiko shi ake yi, sai dai kowace sakewa lokaci take ci, kuma ma'ajin sifika bai wuce na wani yanki na sakan ba.

Wanda ya kamata a fara zargi, kuma shi ya fi yawan kama laifi, shi ne Wi-Fi na ita Pi ɗin kanta. Da shi da Bluetooth duk a zangon 2.4 GHz suke zaune. Bluetooth ya raba zangon zuwa tashoshi 79, kowace faɗinta MHz 1, daga 2402 zuwa 2480, yana tsalle daga wannan zuwa waccan har sau 1,600 a sakan. Wi-Fi ba ya tsalle. Zama yake yi daram a tasha ɗaya mai faɗin MHz 20, wato ya danne wajen kashi ɗaya cikin huɗu na filin. Tun zubi na 1.2 da ya fito a 2003 aka koya wa Bluetooth ya riƙa lura da tashoshin da ke da hayaniya yana tsallake su. Shi ya sa rautar maƙwabci ba ta cika zama matsala ba, sai a inda gidaje ko ofisoshi suka cunkushe, an cika tashoshin Wi-Fi ta 1 da ta 6 da ta 11 gaba ɗaya.

Tsallake tasha kuwa ba ya maganin abin da ke cikin gida. Pi 3 Model B, wadda ta fito a Fabrairun 2016, ita ce ta farko da ta zo da Wi-Fi da Bluetooth a jiki, kuma cif ɗaya aka ɗora wa aikin biyun, BCM43438 na Broadcom, da eriya guda. Haka aka yi wa Pi Zero W a 2017. Eriya guda ba ta yi wa biyun aiki a lokaci ɗaya a zango ɗaya, sai dai karɓa-karɓa: yanzu Wi-Fi, anjima kaɗan Bluetooth. To mai sauraron rediyon intanet abin da yake nema shi ne eriyar ta jawo sauti daga rauta, ta kuma tura shi ga sifika, duk ba tsayawa. Muddin siginar Wi-Fi tana da ƙarfi, rabon yakan yiwu. Matsalar takan taso ne in rauta ta yi nisa. Wi-Fi idan ya ga sigina ta yi rauni sai ya rage gudu don kada saƙo ya lalace, yana iya sauka har megabit 1 a sakan. Ƙulli mai bayit 1,500 da zai wuce cikin ƙasa da rabin milisakan a gudun megabit 65, a gudun megabit 1 sai ya ci milisakan 12. Cikin wannan lokacin Bluetooth zai iya yin tsalle kusan ashirin. Wannan ne ya sa wani lokaci matso da Pi kusa da rauta yake gyara sautin sifika, abin da a ido bai da alaƙa. Mutum yana ta matso da sifika, alhali rauta ce ta yi nisa.

Gwajin wannan ba ya cin ko sisi. A ajiye fayil ɗin sauti a cikin katin Pi, a kashe Wi-Fi da umarnin sudo rfkill block wifi, a kunna fayil ɗin. Wanda ke shiga Pi daga wata kwamfuta ta Wi-Fi ya tuna cewa da zarar ya danna umarnin ya rufe wa kansa ƙofa, don haka ya fara jona kebul ɗin intanet ko allo da madannai. In sauti ya miƙe tsaf, an gama bincike, saura zaɓin magani. Mafi inganci shi ne kebul: a jona Ethernet, wato kebul ɗin intanet, a rubuta dtoverlay=disable-wifi a fayil ɗin config.txt, eriya ta zama ta Bluetooth shi kaɗai. Fayil ɗin yana cikin /boot/firmware a Raspberry Pi OS, babbar manhajar Pi, zubin Bookworm da ya fito a Oktoban 2023 da na bayansa, a tsofaffin kuwa yana cikin /boot. In kebul ba zai yiwu ba, sai a koma zangon 5 GHz. Pi 3B+ ta Maris 2018, da Pi 4 ta Yunin 2019, da Pi 5 duk suna kama shi, kuma da zarar Wi-Fi ya bar 2.4 galibi in'inar takan tafi ko ta ragu ƙwarai. Sai dai a lura, rautoci da yawa suna ba zangon biyu suna ɗaya, Pi ta zaɓi wanda ta ga dama. Gara a raba musu suna, a haɗa ta da na 5 kaɗai. Ƙananan MiFi da muke yawo da su a aljihu da yawansu 2.4 kawai suka iya, amma wayoyi da dama suna bari a mayar da hotspot ɗinsu kan 5.

Kunne ma kayan aiki ne a nan. In'inar da ke zuwa a kan ƙa'ida, kamar an saita mata agogo, kusan kullum alamar bincike ce: wata manhaja tana sa eriya ta bar aikinta ta leƙa ko akwai sabuwar na'ura ko sabuwar rauta a kusa. Barin tagar haɗa Bluetooth a buɗe ya isa ya jawo haka. Umarnin bluetoothctl show zai nuna ko ana cikin bincike, a layin da aka rubuta Discovering, in ya ce yes sai a nemo manhajar da ta fara shi a rufe ta. Shi ma Wi-Fi yakan zagaya tashoshi lokaci-lokaci yana neman rauta mafi ƙarfi, kuma yana da tsarin tsimin wuta da ke sa shi gyangyaɗi ya farka. Ana kashe tsimin da sudo iw dev wlan0 set power_save off, amma umarnin ba ya tsallake sake kunna na'ura sai an dawwamar da shi a saiti. In'inar da ke zuwa sa'ad da wani ya gitta tsakanin Pi da sifika kuwa ta raunin sigina ce, domin jikin mutum ruwa ne akasari, ruwa kuma yana shanye wannan zangon. Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef ma a 2.45 GHz take aiki, don haka ita ma tana iya tsinke sauti.

Masu Pi 4 da Pi 5 suna da wani maƙiyin da ba a cika zarginsa ba, wato ramukan USB masu launin shuɗi. USB 3.0 yana gudu da gigabit 5 a sakan, kuma hayaniyar lantarkin da yake fitarwa tana malala daidai kan zangon 2.4 GHz. Kamfanin Intel da kansa ya fitar da takarda a kan haka a 2012. Wanda ya jona filas ko hadis a shuɗin rami, musamman da kebul mai arha wanda ba a lulluɓe shi da kyau ba, ya ajiye injin hayaniya ne 'yan santimita daga eriya. Abin takaicin ma, mai tara waƙoƙi a hadis shi ya fi faɗawa wannan ramin. A mayar da hadis ɗin baƙin rami na USB 2.0 a saurara. Gudunsa ya fi ƙarfin kowane fayil na sauti nesa ba kusa ba. Ba USB kaɗai ba: a ƙarshen 2019 an gano cewa sa allon Pi 4 a girman 2560x1440 yana iya kashe Wi-Fi a ƙananan tashoshi, saboda hayaniyar da ke fita ta HDMI, mahaɗin allo. Sai kuma akwati. Eriyar waɗannan zubin zane ce a jikin fanel, a kusurwa, kuma akwatin alminiyon da ake saya don sanyaya na'ura yana rage mata ƙarfi. A fito da Pi tsirara a gwada, in ta gyaru an san inda aka dosa.

Akwai kuma ciwon da ba a iska yake ba, a jikin fanel yake, kuma Pi 3B ya fi kamawa. Cif ɗin Bluetooth ba ta USB yake magana da furosesa ba, ta tsohuwar hanyar nan ce ta UART, mai aika bit ɗaya bayan ɗaya. A yawancin zubin Pi an ja ƙarin wayoyi biyu da kowane ɓangare ke iya cewa ɗaya ɓangaren ya dakata, don haka hanyar take gudu da bit miliyan 3 a sakan. A farkon zubin Pi 3B ba a ja su ba, sai aka rage gudun zuwa 921,600. A yi lissafi. Kowane bayit yana cin bit 10 a UART, ke nan bayit 92,160 a sakan, SBC mai inganci kuwa yana neman wajen 41,000, kusan rabin hanyar. Wannan ya isa. Inda gizo ke saƙa shi ne ma'ajin karɓa na UART ɗin bayit 16 kacal yake ɗauka, wanda a wannan gudun yake cika cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na milisakan. In furosesa ta shagala da wani aiki daidai lokacin, ba mai cewa cif ya dakata, bayit ya zube. Alamar a rubuce take: a duba da umarnin dmesg, in an ga layin da ke cewa Frame reassembly failed (-84), to ita ce. Ya fi addabar wanda ya mayar da Pi mai karɓar sauti daga waya, tunda a lokacin ne bayanai ke kwararowa daga cif zuwa furosesa.

Wasu kuma da hannunsu suke ƙuntata hanyar ba su sani ba. Wanda ya taɓa jona GPS ko wata na'ura a fil ɗin Pi, wataƙila ya bi shawarar da ta ce ya rubuta dtoverlay=miniuart-bt a config.txt. Pi tana da babbar UART da ƙarama, layin nan yana ƙwace babbar daga Bluetooth ya mayar da shi ƙaramar, inda aka saba saita gudu a 460,800, wato bayit 46,080 a sakan. Sautin da ke neman 41,000 kafin a ƙara masa bayanan da ke rakiyar kowane ƙulli, ina zai numfasa? Ga shi kuma agogon ƙaramar UART a ɗaure yake da agogon cikin cif ɗin Pi, in wancan ya canza gudu ita ma ta rikice, sai an kafe shi. Mai son sauti ya goge layin nan kawai.

Wuta da zafi kuwa sun fi shafar mu fiye da waɗanda suka ƙera na'urar. Pi 3 tana son 5.1V da 2.5A, Pi 4 tana son 3A, Pi 5 kuma cajarta ta asali mai 5A ce. Mu kuwa cajar waya muke zarowa daga soket mu jona, ko fawa-banki in an ɗauke wuta, da siririn kebul da aka saya a bakin titi. Sau da yawa ma ba cajar ce da laifi ba, kebul ɗin ne ke zubar da ƙarfin wuta a hanya. Da zarar wutar ta sauka ƙasa da 4.63V, Pi takan rage gudun furosesa don ta tsira. Umarnin vcgencmd get_throttled yana tona asirin: 0x0 lafiya ke nan, 0x50000 yana nufin wuta ta taɓa gazawa tun da aka kunna, 0x50005 kuma yanzu haka ana ciki. Wanda ya ga ɗaya daga cikin na ƙarshen biyu, kada ya taɓa wani saiti sai ya canza caja da kebul. Zafi ma haka. Furosesa tana fara ja da baya a digiri 80, Pi 3B+ ma tun daga 60 take sauka daga 1.4 GHz zuwa 1.2. A Kambirij wannan sai an matsa mata da aiki. A Sakkwato ko Yamai ko Maiduguri a watan Afrilu, inda iskar ɗaki kanta kan haura 40, Pi da ke rufe a akwatin roba a saman talabijin ba ta da nisa da iyakar. Alamarsa ita ce sauti ya fara lafiya, sai an jima in'ina ta shigo. Umarnin vcgencmd measure_temp zai faɗi gaskiya, ƙaramar fanka kuma ta wadatar. Gaskiya dai matsin SBC ba aiki ne mai nauyi ba ga Pi 3 ko 4, don haka zafi shi kaɗai ba ya cika tsinke sauti sai in an haɗa da bidiyo ko burauza. A Pi Zero W mai furosesa guda kuwa, abu kaɗan ke cika ta.

Sai yanzu aka zo kan manhaja, inda kowa ke farawa. Manhajar BlueZ ke riƙe da Bluetooth a Linux, tsarin da Pi ke aiki da shi, amma wata manhajar ce ke miƙa masa sauti, kuma an sha canza ta. Raspberry Pi OS ya koma PulseAudio a Disambar 2020, sannan PipeWire a Oktoban 2023, wasu kuma BlueALSA suke sawa a zubin da ba shi da tagogi sai rubutun umarni. Shawarar da aka rubuta a 2017 ba ta san da PipeWire ba, fayil ɗin da ta ce a gyara wataƙila ba mai karanta shi yanzu. Mafi muni shi ne mutum ya bi shawara biyu ya girka biyu daga cikinsu, su riƙa kokawa a kan sifika ɗaya. Umarnin pactl info yana nuna wadda ke aiki. A PipeWire, pw-top yana da layin ERR da ke ƙirga sau nawa sauti bai shirya a kan lokaci ba. In lambar tana hawa daidai lokacin da kunne ya ji tsinkewa, laifin na cikin kwamfuta ne. Yawanci PipeWire yana aiki da yankin sauti mai samfur 1,024 cikin 48,000 na kowane sakan, wato wajen milisakan 21, kuma ana iya ninka shi da pw-metadata -n settings 0 clock.force-quantum 2048. In lambar ba ta motsi amma sauti na tsinkewa, ƙara ma'aji a nan ɓata lokaci ne, a koma kan eriya.

Abu biyu kuma a duba. Idan sautin ya dushe kamar na kiran waya, kunne ɗaya, ba in'ina ba ce: na'urar ta sauka daga A2DP zuwa tsarin kira na HFP, galibi saboda wata manhaja ta buɗe makirufon hedifon. A mayar da ita A2DP a saitin sauti. Na biyu, kwaɗayin inganci. PipeWire yana iya zaɓar matsi mai cin hanya fiye da SBC na yau da kullum in sifika ta yarda, LDAC na Sony ma yana kaiwa kilobit 990. A hanyar da take da ƙyar, wannan ƙarin kaya ne kawai. SBC da bai tsinke ba ya fi LDAC mai in'ina daɗin ji, kuma a ƙaramar sifikar tebur ban yarda akwai kunnen da zai bambance su ba.

Idan duk an bi waɗannan abin ya ƙi, ko kuma Wi-Fi na 2.4 ya zama dole, maganin da ya rage shi ne a raba auren: a sayi ɗan makalen Bluetooth na USB, a rubuta dtoverlay=disable-bt a config.txt don kashe na jiki. Yanzu kowanne yana da cif ɗinsa da eriyarsa, an kuma kauce wa UART gaba ɗaya. Masu cif ɗin Realtek RTL8761B suna aiki a Linux na zamani, tsohon CSR8510 ma haka, sai dai jabunsa sun cika kasuwa kuma sukan ba da wahala. A jona shi a baƙin rami, in da hali ta ɗan kebul na ƙari don ya yi nesa da fanel. Kafin a kashe kuɗin dai a aro wata sifikar a gwada, domin wasu masu arha ma'ajinsu ƙarami ne ƙwarai, abin da wata za ta shanye ita sai ta tsinke.

Pi Zero 2 W, wadda ta fito a Oktoban 2021 a kan dala 15, ita ce ta fi jan hankalin mai son haɗa ƙaramar rediyon intanet, kuma ita ce zaɓinta ya fi ƙaranci: ba ta kama 5 GHz, ba ta da ramin Ethernet, ramin USB na bayanai ɗaya gare ta. Wanda ya riga ya saya, ramin nan ɗaya sai ya zaɓa masa aiki, ko makalen Bluetooth ko na Ethernet. In kuma Pi da sifikar a kan teburi ɗaya za su zauna, ƙaramin katin sauti na USB da kebul ya fi duka sauƙi. Pi 3 da Pi 4 suna da ramin hedifon na milimita 3.5 a jiki, ba sa ma buƙatar katin. Zero da Pi 5 ne ba su da shi.